Ramla Mai Filasha

Ramla 'yar kawuna ce, wato taubashiyata, saboda haka duk abin da na faɗa a kanta ina da iko. Tun muna yara ba ta da sakin hannu. In aka ba mu rake, ni na gama tsotse nawa na yar, ita tana nan tana juya nata tana tunanin ta ina za ta fara. Na sha gaya mata da ita aka ba tsaron tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakinmu na Jazira, da auduga ta mutu da ƙishi ruwa yana kallonta. Ita kuma takan ce da ni aka ba, da yanzu kifi muke nomawa.

Ta daɗe a Wad Madani tana aiki a wani shagon buga takardu, da yamma kuma tana karatun difloma a wata kwaleji. Karatun nan ya sha tsinkewa. Jinyar mahaifiyarta ta tsinke shi, rasuwarta ta tsinke shi, sannan yaƙi ya zo ya tsinke kowa. Ranar da ta dawo ƙauyenmu, Hillat Sodangi, a bayan motar dawa ta sauka, ba akwati ba jaka. Kwamfutarta ta hannu tana ɗaure a cikinta ƙarƙashin mayafi, har mata suka fara yi mata barka. A wuyanta kuma ga filasha, ɗan abin nan da ake zuba kayan kwamfuta a ciki, rataye da zare kamar laya. Daga nan sunan ya bi ta.

Jarrabawa ɗaya tak ta rage mata ta karɓi shaidarta. Da abubuwa suka lafa a wajenmu, kwalejin ta sanar cewa za a yi jarrabawa ta intanet, kowa daga inda yake, kuma duk ɗalibai safiya ɗaya. Ga 'yan tsohon tsari irin Ramla, an ce wannan ne zama na ƙarshe. Wanda ya rasa shi ya rasa ke nan.

Su huɗu ne a garinmu. Ramla, sai Hanaa da Raliya 'ya'yan yayanta, sai Sara, jikar maƙwabciyarsu Inna Mero. Kowacce da kwamfutarta, amma duk tsofaffi ne, na gado da na kyauta. Shirin jarrabawar ya ƙi buɗewa a kansu, sai an sabunta nizam ɗin, wato abin da ke tuƙa kwamfutar gaba ɗaya. Sabuntawar nan kuwa ci gare ta. In aka bar kowace kwamfuta ta jawo nata da kanta, data ta wata guda ba za ta ishi biyu ba, balle a yi maganar jarrabawa, wadda ita ma kyamara a buɗe ake yin ta tana zuƙa.

Data kuwa ba ta da ƙari. Yayan Ramla, Saifuddeen, shi yake zuba wa rautar gidan, wato ɗan akwatin da ke raba intanet, daga Saudiyya farkon kowane wata. Na wannan watan ya riga ya zuba, aikinsa kuma ya tsaya, ba wanda ke da fuskar sake tambayarsa. Mai sayar da kati yana Wad Haddad, damina ta mayar da hanya kunu, ko jaki sai ya yi shawara kafin ya sa ƙafa.

Ramla ta zauna ta yi dabararta. Za ta jawo sabon nizam ɗin sau ɗaya a kwamfutarta, ta zuba a filasha, ta bi sauran ukun ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun taɓa intanet ba. Sannan ta toshe wa kowacce baki don kada ta riƙa jawo ƙananan gyare-gyare a ɓoye. Da ta ga na yi zuru sai ta ce, "Kamar shayar da hawasha ne, Muntari. A buɗe wa gona ɗaya, a toshe sauran da laka." Nan take na gane, don ni manomi ne, hawasha kuwa ita ce gonar da aka yanka wa kowa a Jazira. Bisa awonta, abin da zai rage zai ishi mutum huɗu jarrabawa har da ɗan rara.

Abu ɗaya ne bai shiga awon ba, shi ne Kawu Salihu, mahaifinta.

Kawu mutum ne da ba a taɓa ganin ƙofar diwaninsa, zauren baƙi, a rufe ba. A bakin ƙofar akwai randar sadaka tun zamanin ubansa, ba ta taɓa kwana ba ruwa. Da rauta ta shigo gidan, a wurinsa randa ce ta biyu. Kalmar sirrinta, sunan marigayiya matarsa ne, kuma ba wayar da ke garin nan da ba ta haddace ta ba. Tun da yaƙi ya watsa mutane, duk mai ɗa a nesa nan yake zuwa ya jingina da bango ya ji ko an yi magana.

Ina wurin Ramla ta durƙusa gabansa.

"Baba, kwana biyu kawai zan canja kalmar. In an gama imtihan in mayar."

"Mutum ya taho ƙohwata ya ji muryar ɗansa, in ce mishi an kulle? Ubana bai rufe randa ba. Ba ni za a hwara da wanga abu ba."

"Randa in ta ƙare a ɗebo wani ruwa, Baba. Wannan in ta ƙare, halas, ta ƙare."

"Allah na nan, ɗiyata."

Ba ta ƙara ba. Ramla tana da taurin kai da kowa, ban da ubanta. Sai ta sake dabara: za ta yi jawon da safe, lokacin da gari duk ya watse gona ciran ciyawa, ba kowa a diwan sai ƙudaje.

Ana jibi jarrabawa, ta hau soro ta ɗaura rautar a kan gora inda shabaka, wato sabis, take ɗan kamawa, ta lulluɓe ta da leda, ta sauko ta fara. Sama na da ɗan hadari, amma irin wanda ya saba yi mana ƙarya. Ran nan bai yi ƙarya ba. Muna tsakiyar gona ruwa ya tsuge, laka ta fara cire mana takalma. Gidan Kawu shi ne na farko in ka fito daga gonaki. Ina za mu? Muka kwaso a guje, manya da samari, muka cika diwan maƙil. Kawu ya yi murna, ya sa aka ɗora jabana, ƙamshin gahawa da citta ya tashi.

Ban gama kofin farko ba na ji an kira ni daga bayan labule, kira irin wanda ba wasa a ciki. Na shiga na tarar da Ramla tsugune gaban kwamfuta, 'yan matan uku a bayanta sun yi cirko-cirko. A allon akwai wani kore-koren layi da ya kai rabi ya tsaya yana rarrafe. Ta miƙo min wayarta inda ake ganin data da ta rage. Ina kallo lambar ta ragu. Na ƙifta ido, ta sake raguwa.

"Mutum nawa ne a diwan?"

"Duk gari."

"Duk wayoyinsu sun hau. Suna aljihu suna sha."

"To a kashe rautar mana, a canja kalmar, Kawu ya yi faɗansa daga baya."

"In na kashe, abin da na jawo ya zube, in koma farko. An sha yi min haka. Ba mu da data ta farawa sau biyu." Ta ɗago ta dube ni. "Ka je ka karɓe su ka kashe. Don Allah, Muntari."

Taubashiyata ba ta taɓa ce min don Allah ba tun da aka haife mu. Tsoro ya kama ni.

Na ɗauki kwanon wanke hannu na koma diwan. Wallahi gara a aike ni kama kunama. Na yi sallama na ce a taimaka, kowa ya sa wayarsa a nan na ɗan lokaci, yara na da jarrabawa. Malam Abdulmuttalib, limaminmu, ya dafa aljihu ya ce, "Ni ko taɓa ta ban yi ba, ya zol, bawan Allah!" Na ce ai Malam ita ce ke taɓa kanta. Ya ciro ta yana kallonta kamar ya kama ta da sata, ya jefa a kwano. Wasu suka bi. Samari biyu da suka duƙufa a lungu suna kallon ƙwallo, na fizge tasu ban nemi izini ba.

Sai wani dattijo, ba zan faɗi sunansa ba don har yau muna gaisawa, ya kurɓi jabana ya ce, "Ashe yau an hwara awon intanet da mudu a gidan Salihu."

Na ga fuskar Kawu ta canja. Ya dube ni ya dubi kwanon, ya ce, "Muntari, a gidana? Wanda bai so kar ya bayar. Ba a yi wa baƙo haka."

Hannuwan da suka fara shiga aljihu suka fito ba komai. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma Kawu kawu ne. Na fita da rabin wayoyi, rabin suna can suna shan rabon 'yan mata.

A waje, jikin bango, na ga Inna Mero tsaye cikin ruwa ta yafa buhu a ka. Ɗanta Bilyaminu, mahaifin Sara, direban babbar mota ne. Ya fita da kaya tun farkon yaƙi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kullum da safe sai ta zo bangon nan da 'yar wayarta, ta tsaya, ta koma. Na nufe ta da kwanona ina jin kunyar abin da zan ce. Sai ta riga ni.

"Muntari, abin nan ya yi kuka. Duba min, idona bai gani."

Saƙo ne daga wata baƙuwar lamba, ba rubutu ko ɗaya. Bidiyo ne da bai sauko ba, hotonsa dishi-dishi, da 'yar kibiya a tsakiya. Ko a dishi-dishin ana gane mutum ne kwance, an rufa masa wani abu fari zuwa ƙirji.

Na riƙo hannunta muka shiga ciki. Sara ta leƙa wayar, ta ƙura ido, sai ta dafe baki, ta dubi kakarta. "Haboba, hular Abba ce." Ta zube ƙasa. Mai rai ne aka ɗauka, ko gawa ce aka aiko mana mu gane? Hoton bai faɗa ba. Na kira lambar, a kashe. Ramla ta tura 'yar gajeriyar tambaya, ba ta isa ba. Sannan ta duba nauyin bidiyon, ta juya wajen tsohuwar.

"Inna, ki ba ni lokaci layin nan ya cika. In na buɗe yanzu zai iya tsinkewa."

"Na jira tun bara waccan, ɗiyata. Ina jira."

Ta zauna a bakin gado, wayar a tafin hannu. Ban taɓa zama mai nauyi irin wannan ba. Ruwa yana dukan rufi, daga diwan ana jiyo dariya, mu kuma mun zuba wa koren layi ido. Ya matsa, ya tsaya. Ya tsaya har Raliya ta fara karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, har da ta shiga kasuwa. Hanaa tana leƙen batirin sola da hadari ya hana shi ci. Sara ba ta kallon allo, hannun kakarta take kallo. Ni kuwa sai fita nake ina shiga, ina yi wa masu wayoyin aljihu addu'ar da ba zan maimaita ba.

Sai da ruwa ya ɗauke, mutane suka fara watsewa, sannan layin ya zabura ya cika. Ramla ta zuba abin a filasha, ta cire, ta mayar wuya. Ta duba data. Ta daɗe tana duba ta.

Na ja ta gefe. "Yaya?"

"Rarar ta tafi. Har ta ci cikin rabon. In an matse, an rage hasken kyamara, wataƙila mu huɗu mu kai ƙarshe. Wataƙila."

"In an buɗe bidiyon fa?"

"Uku."

"To ya jira jibi. Abin da ya faru ya riga ya faru."

Ta juya ta dubi Sara, wadda ke zaune ta haɗa kai da gwiwa, ta dubi tsohuwar. "Kai za ka iya kwana biyu da wancan hoton? Yarinyar nan me za ta rubuta?" Ta karɓi wayar daga hannun Inna Mero ta danna kibiyar, ta ce da ni a hankali, "Ka kama bakinka."

Da ya buɗe, mutumin da ke kwance ya motsa. Bilyaminu ne, ya rame kamar kara, ƙafarsa a naɗe, a wani ɗakin jinya can wata ƙasa. Ya yi sallama. Inna Mero ta amsa masa da ƙarfi kamar yana ɗakin, Sara ta fashe da kuka, ni ma dai wani abu ya shiga min ido. Ya ce yana raye, wayar wani bawan Allah ce ya ara. Wannan duka bai ɗauki lokacin shan kofin shayi ba. Sauran bidiyon, abin da ya sa ya yi nauyin buhun dawa, gaisuwa ce. Bilyaminu ya fara daga gidan liman ya bi gari gida-gida. Ya gai da Kawu Salihu da iyalinsa, ya gai da masu hawasha na gabas da na yamma, ya gai da waɗanda suka rasu bai sani ba, ya tambayi lafiyar saniyar da aka daɗe da yankawa. Har ni ya gai da ni, ya ce in biya shi igiyarsa. Mutumin garinmu ko a bakin kabari ba ya taƙaita gaisuwa. A ƙarshe ya ce, "Sara, in kina ji, kar ki bar karatu. Ko mi za a yi, kar ki bari."

Kafin la'asar gari ya ɗauka. Waɗanda suka watse suka dawo, wayar Inna Mero ta yi ta yawo hannu-hannu, kowa yana jiran a zo kan sunansa. Ramla ta hau soro ta zare wa rautar wayar wuta, ba wanda ya lura.

Washegari ta wuni tana bin kwamfutoci da filasha. Tata ta fara yi, don in abin zai ɓaci ya ɓaci a kanta. Ya zauna lafiya. Ta Hanaa da ta Sara ma haka. Ta Raliya, wadda ta fi kowacce tsufa, ta yi baƙi ƙirin a tsakiyar aiki ta ƙi motsi, Raliya ta kai hannu za ta danna, Ramla ta buge hannun. Muka zauna muna sauraron fankarta tana nishi. Can ta farfaɗo. Ramla ta bi su duka ta toshe musu baki, ta sa shirin jarrabawa, ya buɗe a kan huɗun. Ta shafa allon tata da gefen mayafi ta rufe.

Ni ban iya kama bakina duka ba. Da yamma na sami Kawu na gaya masa wayoyin diwan sun ci data, abin da ya rage da ƙyar ne. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ya ci gaba da jan carbinsa.

Safiyar jarrabawa na zo na tarar da abin da ban taɓa zaton gani ba. Ƙofar diwan a rufe. Kawu Salihu yana zaune a kan kujera kusa da randa, kwanon wanke hannu a cinyarsa, wayarsa ce ta farko a ciki. Duk wanda ya doso gidan sai ya miƙa masa kwanon. "A kashe a sa nan. Ɗiyana na imtihan." Dattijon nan mai maganar mudu ya zo, ya buɗe baki, Kawu ya ce, "Da mudu, i. Sa." Ya sa.

A tsakar gida, ƙarƙashin rumfa, 'yan mata uku sun jeru kowacce da kwamfutarta. Tabarma ta huɗu ba kowa. Na ɗaga kai na ga Ramla a kan soro. Iska ta karya gorar, ita ce tsaye ta ɗaga rautar sama da hannu biyu, ta juya ta wajen da shabaka take. Na hau na ce ta ba ni in riƙe, ta sauka ta gwada, ko rabi ne ta rubuta.

"In na hau, mu huɗu za mu yanke a tsakiya. Ka matsa, kana tare min."

"Ramla, ba wani zaman fa."

"Na fi ka sani."

Na karɓi rautar duk da haka, don hannuwanta sun gaji. Ta zauna a bakin soron tana kallon wayarta, lambar tana sauka, tana leƙen 'yan matan a ƙasa. Rana ta ɗaga, kafaɗuna suka mutu. Hanaa ta fara tashi, sai Raliya. Sara ta daɗe, har Ramla ta miƙe tsaye tana cizon yatsa. Da yarinyar ta ɗaga hannu ta ce ta tura, abin da ya rage bai kai a aika gaisuwar mutum ɗaya ba.

Muka sauko. 'Yan matan suka fita ƙofar gida da gudu suna ba Kawu labari, kowacce na katse 'yar'uwarta. Yana ta murmushi yana sa albarka. Sai ya hango Ramla a bayansu.

"Ke fa, ɗiyata? Taki ta yi sauƙi?"

"Ban zauna ba, Baba. Ba ta isa mutum huɗu ba."

'Yan matan suka dubi juna. Sai a lokacin suka tuna tabarmar da ba kowa. Kawu ya dube ta, bakinsa ya motsa kafin magana ta fito.

"Mi ya sa ba ki hwaɗa min ba?"

"Na faɗa maka, Baba."

Ba da zafi ta faɗa ba. Ta durƙusa ta gyara masa takalminsa da ya juye, ta shige gida ɗora abincin rana.

Kawu bai tashi ba. Yana nan zaune da kwanon a cinya har azahar ta yi, masu wayoyi suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, kowa ya sa hannu ya ɗauki tasa ya tafi, ba wanda ya iya yi masa magana.